Kundin tafiyar Masaba, wadan mayaƙi, daga Coldridge zuwa mataki na 60

1 ga Satumba, 2019

Masaba, jarumin da na ƙirƙira a wasa, ya zo duniya jiya da dare: wada, mayaƙi, jan gemu har cibiya, gatari a dama, garkuwar katako a hagu. Wasan shi ne World of Warcraft Classic, wanda Blizzard suka buɗe wa Turai ranar 27 ga Agusta. Tsohon wasan nan ne na 2004 aka dawo da shi a kan zubinsa na 1.12, da matakansa 60 da duk tsiyarsa. Sabar da na shiga irin wadda Alliance da Horde, ɓangarori biyu masu gaba (wadanni 'yan Alliance ne), ke iya afka wa juna a daji ce, kuma har yanzu sai an bi dogon layi kafin a samu shiga. Ina cikin layin na ji cewa wani ɗan Malta ya kai matsafinsa mataki na 60 tun ranar 30 ga Agusta. Allah ya ba shi lafiya, ni ba tsere na zo yi ba.

Abin da na ɗora wa kaina shi ne in kai Masaba mataki na 60 ba tare da na sayi makami ko sulke a gidan gwanjo ba. Duk abin da zai riƙe ko ya saka, ko dai shi ya ƙera, ko ya ƙwato a jikin abokin gaba, ko ladan aike ne aka ba shi. Sannan duk kogon da ake shiga mutum biyar, shi zai tsaya a gaba ya sha dukan.

Masu lissafi za su ce wada ba zaɓi ba ne ga mayaƙi, kuma da gaskiyarsu. Ɗan Adam a wasan yana da ƙarin maki 5 na ƙwarewa a takobi da kulki, abin da ke sa saransa ya fi kama manyan dodanni, shi ya sa ƙungiyoyi suke nemansa. Ƙarin wada kuwa na bindiga ne, makamin da mayaƙi ba ya taɓawa sai in zai jawo wani daga nesa. Sai ɗan jure sanyi, sai hango akwatin dukiya a taswira, sai rikiɗa ya zama dutse na ɗan lokaci. Wadan da ake rububi shi ne firist, wato mai warkarwa, saboda addu'arsa ta hana firgita. Ni dai birnin Ironforge ne ya ja ni, da kuma yadda wada ke gudu da makamin da ya fi shi tsawo.

Kwarin Coldridge ya cika maƙil. Kyarkeci ba ya yin daƙiƙa biyu a raye. A kogon dodannin turol na tarar mutane sun jeru sahu guda, kowa yana jiran shugabansu Grik'nir ya sake fitowa ya kashe nasa, babu mai tsallake wani. Ban taɓa zaton zan ga haka a intanet ba.

4 ga Satumba

Mataki na 8, garin Kharanos.

Yau zan tsaya a kan fushi, domin duk rayuwar mayaƙi a kansa take. Matsafi da firist da maharbi suna shiga faɗa da ma'auninsu a cike, yana raguwa a hankali. Mayaƙi kuwa da wofi yake shiga. Jan ma'aunin nan da ke ƙarƙashin na lafiya daga sifili yake tashi zuwa 100, kuma abu biyu ne ke cika shi: ka sari wani, ko wani ya sare ka. In ka kai sara ka sari iska, ba ka samu komai ba. In ka sake kaiwa ka sari iska, haka nan. Kana tsaye hannu rabbana, aladen daji yana cizonka, duk dabarun da ka biya kuɗi ka koya sun dushe a allo don babu fushin da za ka kunna su. In kuma faɗa ya ƙare, abin da ka tara sai ya riƙa tsiyayewa, saboda haka kullum kana cikin gaggawar samun na gaba kafin ya huce, alhali lafiyarka tana cewa ka zauna ka ci abinci.

Sukuwa, wadda ake koya a mataki na 4, ita ce ke ɗan share hawaye. Kana hango abokin gaba sai ka zabura a guje ka banke shi, ya ɗan sandare, kai kuma ka samu fushi 9. Tarkon da sababbi ke faɗawa shi ne saran jarumta. Yana cin fushi 15, sannan yana maye gurbin saranka na gaba, wanda da ka bar shi da shi ne zai kawo maka sabon fushi. Kenan sau biyu kake biya. Ba na taɓa shi sai ma'aunin ya haura rabi kuma babu abin da zan yi da shi.

Lissafin daji a yanzu mai sauƙi ne. Abokin gaba ɗaya, na ci. Biyu, ya danganta da sa'a. Uku, sai dai fatalwata ta taso daga maƙabarta ta zo neman gawa, kaya kuma sun lalace da kashi 10 cikin 100. Mayaƙi ba shi da wata dabarar warkar da kansa, don haka na koyi ɗaurin rauni tun da wuri. Duk ƙyallen lilin da ya faɗo daga jikin turol bandeji yake zama.

9 ga Satumba

A mataki na 10 malamin mayaƙa ya tura ni wurin Muren Stormpike a Ironforge, shi kuma ya ce in kawo masa kan wani turol mai suna Vejrek. Ladan shi ne tsayuwar kariya, tare da tsokana da fasa sulke, kayan aikin mai tare gaba kenan. A tsayuwar kariya dukan da kake sha yana raguwa da kashi 10, naka ma yana raguwa da kashi 10, amma haushinka da dodanni ke ji yana ƙaruwa da kashi 30. Sharrinta ɗaya: da ka canja tsayuwa, fushin da ka tara duka ya zube.

Ironforge bai ba ni kunya ba. An sassaƙa birnin ne a cikin dutse, zagaye guda, a tsakiyarsa babbar maƙera inda narkakken ƙarfe ke kwarara dare da rana, gefe kuma fadar Sarki Magni Bronzebeard. Tsakanin banki da gidan gwanjo akwai wani rami mai tsawo, kuma in ka ɗan tsaya a bakinsa za ka ga sabon shiga ya rufta ciki.

Wani maharbi da wata firist suka neme ni mu kashe Vagash, dabbar da ke cinye ragunan gonar Amberstill. Shi ne karo na farko da na tsaya a gaba da gangan. Ladan ya haɗa da gudumar Coldridge mai hannu biyu, na kai azurfa 10 wa Buliwyf Stonehand ya koya mini riƙe ta. Sai dai ƙwarewar kowane sabon makami daga 1 take farawa, iyakarta kuma matakinka sau biyar. Na ɗauki yamma guda ina jibgar iska a gaban aladu kafin gudumar ta fara sanin hanya.

15 ga Satumba

Loch Modan, mataki na 16. Bayan farin ƙanƙarar Dun Morogh, koren ciyawa da tafki sun wanke mini ido, kuma madatsar Stonewrought mai fuskokin wadanni ta cancanci a je a gani ko babu aike.

Dodannin torog na kwarin Stonesplinter sun koya mini amfanin sarar agara. In ɗayansu ya ga mutuwa sai ya ruga, ya dawo da 'yan'uwansa. Dole ka sare masa ƙafa kafin ya kai ga gudu, wato ka ajiye fushi 10 a gefe komai rintsi.

Sana'a: haƙar ma'adinai da ƙira. Jan ƙarfe yana ko'ina a gefen duwatsu, kuza kuwa sai ƙwarewar haƙa ta kai 65, in ka narka su tare ka samu tagulla. Abin da ya fi yi mini amfani yanzu ba sulken ba ne, duwatsun ƙara kaifi da nauyi ne, masu ƙara wa makami ɓarna na minti 30. Na guduma yana cin ƙyallen lilin, bandeji ma shi yake ci, kullum sai na zaɓa. Kuɗi kam babu. Ba kowace dabara nake saya a wurin malami ba, wasu na bar su sai hali ya yi. Kuma ba na kashe wasa sai a masauki, domin hutun da ke taruwa a can yana ninka makin kisa.

22 ga Satumba

Deadmines, kogon 'yan fashin Defias. Wannan ita ce ranar da nake jira tun farko.

Na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa daga Ironforge zuwa Stormwind, kyauta ne, daga nan a ƙafa zuwa Westfall. Na gama aiken Gryan Stoutmantle har ya ce in kawo kan Edwin VanCleef, shugaban Defias. Neman ƙungiya bai ɗauke ni lokaci ba. Wannan shi ne abin mamakin mayaƙi: a daji kai ne abin tausayi, amma da ka rubuta cewa mai tare gaba yana neman shiga kogo, saƙonni sai su yi ta faɗowa. Muka haɗu ni da firist, matsafi, ɗan sane da maharbi.

Aikin mai tare gaba shi ne kowane dodo ya fi jin haushinsa a kan na kowa. Wasan yana riƙe wa kowane dodo lissafi a ɓoye: duka yana ƙara haushi, warkarwa ma tana ƙarawa. Wanda ya fi yawa a lissafin, shi ake bi. Ni kuma ban fi kowa duka ba, abin da nake da shi fasa sulke ne mai cin fushi 15, wanda ake iya jerawa har sau biyar a jikin mutum ɗaya, da ramuwa mai cin 5 kacal, amma ba ta kunnuwa sai na tare ko na kauce wa sara. Tsokana tana dawo da wanda ya ɓalle, sai dai sau ɗaya ce a daƙiƙa 10, kuma wani lokaci ba ta kamawa.

To duba yadda abin yake a zahiri. Mutum uku na Defias suna tsaye a bakin ramin haƙa. Na harba bindiga, suka taso. Ma'aunina a sifili yake, na kunna fushin jini, wanda ke cin lafiyata ya ba ni 10 nan take da wani 10 a hankali. Kafin in kai ga fasa sulke na farko, ƙwallon wutar matsafi ya wuce ta saman kaina. Ɗaya ya bi shi. Na juya na tsokane shi ya dawo, kafin nan firist ta warkar da ni, na biyu ya ji haushinta ya nufe ta, tsokana kuma ba ta dawo ba tukuna. Haka na yi ta kai-komo da gajerun ƙafafu. Bayan mun tsira na rubuta musu: “Jama'a, ku ba ni daƙiƙa uku kafin ku fara. In ba su dake ni ba, ba ni da abin riƙe su.” Matsafin ya ce to. Ya kuma cika alkawari, har ya riƙa mayar da ɗaya tunkiya kafin mu fara, aikin ya koma biyu maimakon uku.

Akwai wani abin da ya kamata masu warkarwa su sani: garkuwar haske da firist ke lulluɓa wa mutum tana shanye duka, dukan da aka shanye kuma ba ya kawo fushi. Ta yi mini ita da kyakkyawar niyya a farkon faɗa, na roƙe ta ta ajiye ta sai in ta ga zan faɗi.

Muka fasa ƙofar ƙarfe da igwa, sai ga jirgin ruwa sukutum a cikin kogo. Mr. Smite ya tare mu a bakin gada. Sau biyu yake buga ƙasa ya sandarar da kowa, ya tafi akwatinsa ya canjo makami, kuma a zagaye na ƙarshe da gudumarsa yake dawowa. Ita ce ta faɗo. Babu wanda ya yi jayayya da ni a kanta. VanCleef ya zo da masu tsaronsa, na riƙe shi da garkuwa, sauran suka yi aikinsu. Na koma wurin Gryan na karɓi wandon sulke na Westfall.

28 ga Satumba

Mataki na 23. Redridge da kurkukun Stormwind, babu wani abin labari, sai dai kurkukun ya cika mini jaka da ulu, bandeji ya samu.

Makin baiwa, waɗanda ake samu ɗaya a kowane mataki tun daga na 10, duk a reshen makamai nake zuba su. Biyar daga ciki na sa a wadda ke barin fushi har 25 in an canja tsayuwa. Tun daga nan wasan ya sake kama: in yi sukuwa a tsayuwar yaƙi, in buga tsawa ta kama mutum huɗu, in juya tsayuwar kariya da sauran fushina. Ban ga dalilin da zai sa mayaƙi ya tsallake wannan baiwar ba.

6 ga Oktoba

Duskwood, mataki na 27, kuma tafiya ta yi nauyi. Gudumar Smite da ta yi mini sarauta a mataki na 20 yanzu ta tsufa. A nan ne ake gane yadda mayaƙi ya rataya a kan makaminsa fiye da kowa. Matsafi in ya koyi sabon tsafi ƙarfinsa ya ƙaru ko tsumma yake saye da shi. Ni kuwa fushina daga ɓarnar sara yake fitowa. Makami ya yi rauni, sara ya yi rauni, fushi ya ragu, dabaru su ragu, faɗa ya yi tsawo, duka ya ƙaru, zaman cin abinci ya ƙaru. Abu ɗaya ne ya lalace amma komai ya bi shi. Na leƙa gidan gwanjo na ga gatarin da zai raba ni da wannan wahala, na rufe na fita.

Rikiɗa dutse ta fara biyan kuɗinta. Daƙiƙa 8 ce, sau ɗaya a minti 3, tana wanke dafi da cuta da zubar jini, ta ƙara kaurin sulke da kashi 10. Dajin nan kuwa cike yake da gizo-gizo masu dafi da gawarwaki masu sa cuta. Ɗan Adam sai ya zauna ya jira abin ya sake shi, ni in danna maɓalli ɗaya in wuce.

Stitches ya same ni a kan hanyar Darkshire. Ƙaton dodo ne na mataki 35 da aka ɗinka daga sassan gawa, yana tafe a tsakiyar titi, wurin da kowa ya ɗauka nan ne tudun mun tsira. Ban yi gardama da shi ba.

Mafitar makami ta zo ta hanyar Mor'Ladim na maƙabartar Raven Hill. Mu biyar muka taru a kansa, ƙarshen aiken kuma aka ba ni takobi Archeus. Sai da na je wurin Woo Ping a Stormwind na koyi takobi mai hannu biyu, na sake komawa jibgar iska daga 1.

19 ga Oktoba

Mataki na 30. Na shiga jirgin ruwa daga Menethil zuwa Theramore, na bi gaɓar teku da iyo zuwa arewa, ina kauce wa dodannin ruwa na marlok da suka fi ni mataki, har tsibirin Fray da ke kudu da Ratchet. A can Klannoc Macleod yake. Ana shigar da kai fili, 'yan kallo sun kewaye, masu ƙalubale suna fitowa bi da bi, na ƙarshensu Big Will. Na ajiye dabarar mayar da martani saboda shi, wadda ke rama kowane sara na daƙiƙa 15 amma sai bayan minti 30 take dawowa. Ladan shi ne tsayuwar hauka da tarar hanzari, wato sukuwar da ake iya yi a tsakiyar faɗa.

Klannoc ya ce in nemi wani turol, Bath'rah, a tsaunukan Alterac. Duk mayaƙin da ya san wasan nan ya san abin da wannan yake nufi: gatarin guguwa.

27 ga Oktoba

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Bath'rah yana son saiwar Liferoot 8, hauren turol na Bloodscalp 30, da layu iri uku, takwas-takwas, daga aljanun wuta da iska da ruwa na tuddan Arathi.

Saiwar ta zo da sauƙi, wata mai tsinkar ganye a ƙungiyarmu ta ba ni, na ba ta baƙin ƙarfe. Hauren yana Stranglethorn, dajin da ba ka gama faɗa da turol sai ka ji wuƙar ɗan Horde a bayanka. Ba kowane turol ke ba da haure ba, ko da yake kowannensu da biyu a baki kana gani. Layun ne bala'i. Aljanun suna mataki 38 zuwa 39, ni ina 32, sarana rabi a iska yake tafiya, kuma ba su da jinin da zai zuba. Na wutar ma matsafa sun kafa musu sansani saboda abin da suke zubarwa yana da tsada. Ba abin da na iya yi ni kaɗai. Wani faladin, wato mayaƙi mai iya warkarwa, daga ƙungiya ya ba ni darare biyu na lokacinsa, ba don zai samu komai ba. Ya ce shi ma an yi wa ƙaninsa haka.

Tunda ina Arathi na shiga Stromgarde na sayi littafin ɗaurin rauni a kan zinare 1, ƙwarewar ta wuce 150, bandejin siliki ya samu.

2 ga Nuwamba

Cyclonian ya faɗi. Aljanin iska ne na mataki 40 daga cikin manya, Bath'rah ke kiransa a bakin kogi. Yana jifa da tsafin da sulke ba ya tarewa, yana kuma wurgi da mutum sama. Faladin ɗin nan ya dawo, ya zo da wani matsafi. Gaskiyar magana, su suka kashe shi, nawa shi ne in rayu har a gama in ɗauki zuciyarsa.

Aka ba ni zaɓi tsakanin gatari, takobi da guduma. Wada ne, gatari ya ɗauka. Ɓarnarsa 102 zuwa 154, sara ɗaya a daƙiƙa 3.6, da ƙarin ƙarfi 15 da juriya 14. Na koma kan turol ɗin da suka wahalar da ni makon jiya. Sukuwa, sara biyu, kaucewa ɗaya da na rama da rinjaye, sai ƙarasawa da lafiyarsa ta sauka ƙasa da kashi 20. Ma'aunin fushi har ya riƙa cika yana neman inda zan kai shi. Da baiwar share fage, wadda ke sa sara biyar na gaba su kama mutum na biyu, yanzu da gangan nake jawo biyu.

10 ga Nuwamba

Mataki na 37, kuma kusan duk makon a Scarlet Monastery na yi shi. Ga ɗan Alliance zuwa can ma aiki ne, domin a cikin ƙasar Horde yake, kusa da Undercity. Daga Southshore muke tashi a ƙafa, kuma ba a cika isa da mutum biyar a raye ba.

Ɓangare huɗu ne. A ɗakin karatu Arcanist Doan yake, bayansa akwai akwatin da mabuɗin sauran ƙofofi biyu ke ciki. A ma'ajiyar makamai Herod yake, mai juyi da gatari a tsakiyar zaure. In ya fara juyin kowa ya ja da baya, har ni, babu jarumtar da za ta sa in tsaya. Yana faɗuwa sai ɗalibansa su kwararo ta matakala, tuli guda marasa ƙarfi, matsafi ya share su. Kafaɗar sulkensa tana jikin Masaba yanzu.

Muhawarar da ake yi a kowace ƙungiya ita ce ko mai tare gaba ya riƙe garkuwa ko makami mai hannu biyu. Tun da na koyi dabarar guguwa a mataki na 36, mai saran mutum huɗu a juyi ɗaya, na gane hujjar masu hannu biyu: sukuwa, share fage, tsayuwar hauka, guguwa, kowa ya manne maka, babu mai waiwayar matsafi. Amma a tsayuwar hauka dukan da kake sha yana ƙaruwa da kashi 10, ga shi babu garkuwa. Wanda ke biyan wannan bashin mai warkarwa ne. Saboda haka na daina yanke hukuncin ni kaɗai, kafin mu shiga nake tambayarsa. In ya ce zai iya, gatari. In na ga yana zama shan ruwa bayan kowane faɗa, garkuwa. A gaban manyan kuwa garkuwa ce ko me aka ce.

16 ga Nuwamba

Ranar 14 aka kunna tsarin martaba, wato kashe ɗan ɗaya ɓangaren yanzu yana da lada. Tsakanin Southshore da Tarren Mill ya zama filin daga, mutum ɗari-ɗari suna kora juna gaba da baya. 'Yan mataki 60 ba sa samun komai a kaina, amma hakan bai hana su ba.

Abu ɗaya ya faranta mini. Wani ɗan sane daidai matakina ya buɗe mini da sanda a ƙeya, ya shafa mini dafin da ke kashe ƙafa, ya ja baya yana jira in tsiyaye. Na zama dutse, dafin ya wanke, na tare shi da hanzari, gatari ya yi sauran.

Na tattara na koma Desolace, can ba kowa.

24 ga Nuwamba

Mataki na 40, kwana ɗaya bayan wasan ya cika shekara 15.

Maki na 31 ya shiga saran ajali: fushi 30, yana sauka nan take ba sai an jira juyin makami ba, yana dawowa bayan daƙiƙa 6, kuma yana rage wa wanda ya sha shi rabin warkarwa na daƙiƙa 10. Mun kuma gama da babban ɗakin ibadar Scarlet, Mograine da Whitemane, inda take tayar da shi bayan an kashe shi a sake sabon faɗa. Wannan ya kammala aiken da na faro a Desolace, Raleigh na Southshore ya ba ni gatari Bonebiter. Ya ɗan fi na guguwa. Na guguwar yana banki, ba zan sayar ba.

Mataki na 40 yana buɗe abu biyu, kuma duka biyun ban kai gare su ba. Na farko abin hawa. Ragon wadanni a gonar Amberstill zinare 80 ne, koyon hawa 20, in Ironforge suna girmama ka a rage kashi 10, ya zama 90. Abin da ke jakata bai kai rabi ba. Gyaran kaya ya ci, malamin mayaƙa ya ci, ƙira ta ci fiye da kowa, domin ƙarfen da wasu ke sayarwa su tara kuɗin hawa ni narka shi nake in ƙera abin da ba mai saye. Na biyu sulken faranti. Na biya na koya, amma babu ko ɗaya a jikina, kuma sharaɗina ya hana gwanjo. Ƙirata tana 190, kayan mitiril na farko suna farawa a 205, haƙar mitiril ɗin kuma ta buɗe mini tun a 175.

Don haka mako mai zuwa Badlands za ni. Akwai baƙin ƙarfe da mitiril a duwatsunta, kuma a can Uldaman yake, kogon da ke ɗauke da labarin asalin wadanni, da Archaedas a ƙarshensa. Firist ɗin da muka yi Deadmines tare ta kai 42, ta ce tana ciki. Saura matsafi da mutum biyu.